Awa Bakwai a Sama, In Ji Mai Bak

"Lafiya lau, mai gida. Shigo, in ƙafafun nan naka na zalɓe za su tsallake dokin ƙofa."

Ya Kaka ke nan, kakata, tana zaune ta miƙe ƙafa, ga agogon bango a cinyarta. Kawu Abarshi ya biya mata umra, aka aiko biye, wato tikitin jirgi, daga Yamai, ni kuma da na ci bak, jarabawar gama sakandare, aka turo in karanta mata.

"Amarya, agogo kike goyo yanzu?"

"Gwaji nake, sakarai. Sati guda ina auna marata. Awa biyar nake riƙe fitsari, ko minti ba ƙari."

"Ai akwai makewayi cikin jirgi."

"Tir! Ba kai ka ce in mun tashi daga Yamai gabas za mu yi ba? Mu wuni cikin kar, doguwar motar nan, mu tafi yamma, jirgi kuma ya maido mu ta saman garinmu Gure?"

"Haka taswira ta nuna."

"To ni in yi fitsari bisa kan liman da kabarin kakanka? Karanta min. In ya wuce biyar, ba inda za ni."

Na gyara murya, na ɗaga takarda yadda maƙwabta za su gani.

"Kilomita wajen dubu huɗu ne. Tashi Yamai, takwas na safe. Sauka Jidda, uku na yamma. Awa bakwai cif."

Ta kife agogon a tabarma.

"Shi ke nan. Ka ce wa Abarshi ya ba wani."

Tun ina rarrafe matar nan take zancen ganin Ka'aba, ga shi ni da bakina na tare mata hanya.

"Haba tsohuwa, kada ki sha ruwa mana ranar."

"In bushe kamar kilishi ka samu ka auri yarinya? Na gane ka."

"Wa zai aure ni? Ke ma don idonki ya mutu ne."

"Tsaya tukuna. Ukun nan, na wane gari ne?"

"Uku ai uku ne ko'ina."

"Kai, an yi asarar alli! Da azumi Yabawa ƙanwata takan kira ni daga Makka tana tauna dabino, mu nan ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Ranarsu tana riga tamu da awa biyu."

Na ƙirga da yatsu a ɓoye cikin aljihu. Na sake ƙirgawa. Biyar.

"Dama gwada ki nake."

"Gwada ni? Shekara goma sha uku kana lekol, ni ko ƙofar ban sani ba. Me suka koya maka, cin fanke?"

"Ranar da aka yi wannan darasi ina Kelle, biki."

"Kullum kana Kelle!"

"Na yarda, Hajiya. Bak ɗin ma ki karɓa, ke kika dace da shi."

Ta tuntsire da dariya har da hawaye, ta dafe mara tana cewa in bari kada in ɓata mata gwajin yau. Sannan ta kwance bakin zane ta jefo min goro.

"Ungo, mijina. Je ka ce wa Abarshi ya nemo min wuri a kar. Amma ranar tafiya, wani ya karanta."