A Dawo Wa Mijina Da Kofinsa Kafin Gidana Ya Ƙone

Zuwa ga Masu Girma Alƙalan Gasar Kacici-kacici ta Ƙauyukan Gundumarmu, ma'abota ilimi da kujeru masu laushi,

Bayan gaisuwa da fatan shayinku bai huce ba, ni ce matar Clive Tuckwell, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda kuka hana wa kofin bana. Kun tambayi asalin kalmar nan tamu "arson", wato cinna wa gida wuta da gangan. Ya ce Latin. Kuka ce Faransanci, kuka miƙa wa ƙauyen Pelsham kofin. Ga 'yan koke-kokena, in kun yarda.

Na ɗaya: Clive ya bincika. Normawa, mayaƙan da suka ci ƙasarmu a zamanin da, su ne suka tsallako mana da ita daga Faransa, gaskiyarku. Amma ai a wajen Latin Faransanci ya gaje ta, daga "ardere", ƙonewa. To ranku ya daɗe, wanda aka tambayi asalinsa ya ambaci kakansa, ƙarya ya yi? Ko a gidajenku daga uba zuriya take tsayawa?

Na biyu: tun ranar ba ni da miji. Ƙamus a teburin abinci, ƙamus a kan gado, ciyawar lambu ta kai gwiwa, har kare ya fid da rai da yawon yamma. Na ce, "Tsoho, ga shayinka." Ya ce, "Maureen, kin san sunansa daga Sin ya zo?" Ina ruwana!

Na uku, kuma mafi zafi: ran Lahadi na bar masa gashin nama na tafi coci. Na dawo na tarar da motar kashe gobara, labulen kicin ya zama toka, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Jami'in ya tambaye shi ko yana zargin da gangan aka sa wutar. Jin kalmar "arson" daga bakinsa ke da wuya, Clive ya cafke hannun bawan Allah ya faro masa daga zamanin Rumawa masu harshen Latin. Kunya kamar in nutse.

Ina son mijin nan nawa, ga shi zaune gabana amma kewarsa nake yi. Ku taimaka ku dawo da kofin, ko ku sa zarto a raba. In kuwa hikimarku ta ƙi, zan kwaso ƙamusoshin nan kaf in jibge a ƙofar zaurenku, ashana na aljihuna. Sai ku zauna a tsanake ku yanke da wane harshe za a kira laifina.

Taku mai biyayya, mai warin hayaƙi,
Maureen Tuckwell