Buhu da Igiyar Majo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Baba ya kai ni likitar Tanut, wato asibiti, a kan jaki, ƙafata ta hagu a miƙe kamar taɓarya. Wata biyu kafin nan ni ne gwanin langa na lakwal ɗinmu, wato makarantar boko (ni na ba kaina sarautar, amma ba wanda ya yi gardama). Ina cikin tsalle da ƙafa ɗaya, na kusa shiga gida, wani ƙato ya banke ni, gwiwata ta ce ƙas. Mai ɗori ya ɗaure ta da kara da tsumma har kwana arba'in. Da aka kwance, kumburi ya tafi, amma gwiwa ta rantse ba ta ƙara lanƙwashewa. Ko salla sai in zauna in miƙe ta gaba, kamar ina nuna wa liman hanya.

Majo, wato babban ma'aikacin likitar, wani dogon Badamagare ne da ba ya dariya. Ya danna nan, ya matsa can, ya dubi Baba ya ce, "Malam, in aka ƙara wata guda haka, ƙafar nan ta tashi aiki. Gobe ku zo da ƙaramin buhu da igiya mai ƙarfi. Zai ji zafi, amma gara a yi yanzu."

Buhu. Igiya. Duk yaron Tanut ya san tsohon sojan nan mai ƙafa ɗaya da ke zama bakin kasuwa, wanda ya yi wa Faransa yaƙi. Sau nawa ya ba mu labarin yadda aka ɗaure shi da igiya, aka yanke ƙafar, aka jefa ta a buhu? To me ya rage ban gane ba?

Da na tambaya da an wuce wurin. Amma gwanin langa ba ya tambaya. Muna komawa gida Baba ya gaya wa Inna, ta zauna tana ɗinka buhun da hannunta, har da 'yar waƙarta. Na dubi buhun, bai wuce tsawon damtse ba. Na dubi ƙafata. Na ce a raina, shi ke nan, sai sun raba ta biyu kafin ta shiga. Da la'asar na wanke ta tas, na shafa mata man shanu, na roƙe ta gafarar duk ƙayar da na sa ta taka. Tuwo ma ban iya ci ba (wannan kaɗai ya isa a gane lamarin ya kai).

Washegari ranar kasuwa ce, likita ta cika. Mata jere a baranda da goyo, Buzaye da Fulani a gindin bango, ga kuma 'yan matan unguwarmu da na sha yi wa burga. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Majo ya zaunar da ni a kan tebur, ƙafar dama na lilo, ta hagu a miƙe, ya ce wa Baba ya cika buhun da rairayi. Na ce to, har ƙasar binnewa an tanada. Sai Majo ya ɗauki igiya, ya zaro wuƙa daga aljihu.

Ban san lokacin da na ƙanƙame wuyansa ba. Na kurma ihun da na tabbata an ji shi har garin Belbeji: "Majo, don Allah a bar mini ko rabi!" Kuma da yake na ga mutuwa ido da ido, sai na juya ga Baba na fara neman gafara. Na ce ni ne na sha ƙwan zabbin Inna duk damina, ba muzuru ba. Ni ne na hau raƙumin baƙonsa har ya ɓalle ya shiga gonar gero. Ina cikin na uku na ji ɗumi yana bin wandona.

Majo ya ɓamɓare hannuwana daga wuyansa, ya yanke igiyar daidai kamu biyu, ya mayar da wuƙa aljihu. Ya ɗaure buhun rairayin a idon sawuna ya ce, "Ɗaga. Sauke. Sau ashirin. In ka gama tuba."

Ranar na fara jin dariyar Majo, ta haɗu da ta mutanen baranda. Wata tsohuwa har tana share hawaye da gefen zane.

Aikin ke nan ashe. Kullum safe da yamma in ɗaga buhu don naman cinya ya dawo. Bayan kwana biyu-biyu in je Majo ya sa tsumma mai ɗumi, ya tura dugadugina baya kaɗan-kaɗan, ina cizon hula. Da gwiwar ta ƙara lanƙwashewa kamar yatsa ɗaya sai ya ce ya isa na yau. Daga baya ya ƙara rairayi, ya sa ni tsugunno ina riƙe da bango, sannan hawan tudu. Zafin gaskiya ne, amma bai kai zafin bi ta kasuwa ana kirana "Ko Rabi" ba.

Baba ya ajiye zancen tuban nan nawa har tsawon wata uku. Ran da ya ga na yi zaman tahiya gwiwa a naɗe kamar kowa, sai ya yi hamdala, ya shafa kaina, ya ce, "Madalla. Tunda tana lanƙwashewa, durƙusa mu yi maganar raƙumin nan."

Abin da na koya bai da yawa. In likita ya ce a zo da wani abu, tambayi na mene ne. In kuwa tsoro ya riga ya kama ka, yi ihunka iya ƙarfi, amma ka bar muzuru da laifinsa.