Rasuwar Mai Huji, Shaidan Malam Babaji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Malam Babaji na Ƙofar 'Yandaka, akawun ƙidayar ababen hawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa Mai Huji, wato damin katunan kwamfuta ɗari uku da sha biyu, wanda ya cika ranar Talata a cikin kwalin takalmin da yake kwana.

Marigayin ya taso ne a hannun Babaji, wanda ya shekara biyu yana huda shi, don hujin nan su ne rubutun da kwamfuta take karantawa. Aikinsa ɗaya: a ba shi yawan baburan da ke wuce ƙofa kowane mako, ya ja musu layi a takarda. An yi wa layin sharaɗin hawa kawai, ban da sauka, don tun da arzikin mai ya zo ba a taɓa jin mai babur ya koma keke ba. In kuwa layin ya daka tsalle, Mai Huji zai nuna makon da abin ya faru. Bai taɓa neman hutu ba, bai san cin hanci ba. Waɗanda suka raka shi Zariya, inda na'urar kwamfutar take, ba za su manta muryarsa ba in tana haɗiyarsa: shar-shar-shar, ƙwas!

Ya rasu ana tsananin bukatarsa. Babaji ya rantse cewa makon da ma'aikata suka karɓi ariyas, wato bashin ƙarin albashinsu, babura sun ninka. Shugaban ofis kuwa ya dage a hankali suke ƙaruwa, wai Babaji gyangyaɗi yake a bakin ƙofa yana ƙirga na mafarki. Aka sa Laraba Mai Huji zai je Zariya ya raba gardama. In bai nuna tsallen ba, a mayar da Babaji ɗakin fayil.

Ciwon ajali ya same shi ne Babaji na rangadi. Mahaifiyar Babaji, Inna Baraka, tana shara ta buɗe kwalin, ta ga takardun ɗanta duk huji. Ta tsine wa gara tas. Sannan ta dama sitaci, ta yayyanka takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ta zauna da idanun nan nata da ko zare ba sa iya sa wa allura, ta liƙe hujin ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara ta yi. Ba ta bar ko guda ba. Ta shanya su a tabarma kamar kuɓewa, ta jera masu kyan a sama. Da Babaji ya dawo ta miƙa masa tana murmushi, ya yi godiya, ya shiga ɗaki ya yi kuka.

Marigayin ya bar kwalin takalmi, da robar ɗauri biyu, da maraya ɗaya, katin da ya maƙale a gindin kwali da hujinsa.

Za a sa shi a ƙasan adaka ranar Alhamis bayan la'asar. Daga Litinin, mai neman Babaji ya same shi a ɗakin fayil. Iyalan suna roƙon masu zuwa gaisuwa alfarma ɗaya: Inna za ta tare ku a zaure ta tambaye ku yadda aikinta ya yi. Don Allah ku ce mata ya yi kyau.