Baffa Nomau da Ƙofar Ɗakina

"Umma, wannan fa ba ƙofa ba ce! Dubi gefenta, ƙadangare ma shiga yake ba sallama."

"Ke dai Hurera ba kya haƙuri. Baffanki zai duba."

Baffa Nomau! Ƙanin Baba ne, a zaure yake kwana, kuma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa da aka gyara gida aka ba ni ɗaki, har rawa na yi. Na ce yanzu zan rufe ƙofa in karanta littattafaina da ƙarfi, ba mai yi min dariya. Sai ga Ilu birkila ya kafa ƙofar ƙarfe ya bar rami ta ko'ina. Kullum idon ƙannena na cikin ramin, suna kwaikwayon muryata.

Wata rana Baba zai fita kasuwa ya ce, "Nomau, ka toshe duk inda haske ke shiga ɗakin yarinyar nan." Na dawo daga makaranta na tarar ya cusa tsummokara a gefen ƙofa, ya liƙe taga da kwali, ya cika ramin makulli da laka. Har ƙwan lantarki ya kwance ya sa a aljihu.

"Baffa, da me zan yi karatu?"

"Oho. Yaya bai ce karatu ba, haske ya ce."

Wata rana aka kirawo Ilu ya yi filasta. Umma ta ce, "Nomau, kada ka ɗauke ido daga kansa." Baffa ya ja kujera gab da shi ya zuba masa ido. Ilu ya tafi alwala, Baffa na biye. Ya je wajen mai wake da shinkafa, Baffa na tsugune a gabansa.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Aiki aka sa ni."

Ilu ya yaɓa filastar a gurguje ya tsere, Baffa ya raka shi har ƙofar gidansa. Da ya dawo Umma ta ce, "To, ya aikin ya yi?"

"Wane aiki? Ni Ilu na kalla. Yana da tabo a bayan kunne."

Wata rana, bayan filastar ta bushe, Ilu ya zo yana washe baki, don a ido aikin sumul yake. Baba ya shafa bango ya ce, "Nomau, gwada mana ita. Rufe ta yadda mai ɗakin za ta riƙa rufewa."

Baffa ya tsaya. Ya tura baki gaba, ya murguɗa shi, ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce da siririyar murya, "Ni fa an dame ni a gidan nan!" Ya maka ƙofar, garam!

Ƙofar ta tafi har da firam ɗinta, ta kwanta tim a kan katifata. Da ƙura ta lafa muka leƙa bango. Ba komai a ciki sai dunƙulallun buhunan siminti da kwalaye, har da tsohon silifa, an shafa musu filasta a fuska.

Baba ya dubi katifar, ya dubi Ilu. "Da yarinyar na kwance fa?"

Ilu ya ɗauko shebur. Ya sake aikin daga tushe, da siminti na gaskiya, Baba da kansa a tsaye.

Yanzu ƙofata ta zauna daram, ko allura ba za ta samu hanya ba. Amma kowa a gidan ya koyi wasan Baffa. Jiya ina bakin ɗaki da littafi, Umma ta dube ni tana share hawayen dariya.

"Wallahi Hurera, har murguɗa bakin naki ne sak."

"Ni ba haka nake yi ba!"

Baffa ya leƙo daga zaure. "Haka ne mana. Saura buga ƙafar."

Ban san lokacin da na buga ƙafa ba. Na ce, "Ni fa an dame ni a gidan nan!" Na maka ƙofar, garam, ko ƙura ba ta zubo ba, na fice.