Ranar da Aka Yi wa Karnuka Maraba a Bakin Teku

A wani daji da ya yi iyaka da teku, dabbobi suka kafa birni, har da majalisa. Wata shekara majalisar ta tuna karnuka ne ke gadin rumbunan birnin, ta ce a saka musu da alheri. Aka kafa ƙaton allo a ƙofar bakin teku, aka rubuta: Maraba da karnuka.

Tunau, tsohon kare mai gadin rumbun gero, hutun yini ɗaya gare shi a shekara. Matarsa Hansai a bakin tekun nan aka haife ta, tun kafin a zagaye shi da shinge. Yanzu ga tsufa, idanu sun kusa rufewa, burinta ɗaya ta sake tsoma ƙafa a ruwan gishiri kafin ta cika. Tunau ya yi mata alkawari. Da sassafe suka kama hanya, tana bin ƙarar takunsa.

A ƙofa Gafiya mai gadi ta tare su. "Lale da manyan baƙi! Ina igiyarku? Wa ke riƙe da ku?"

Tunau ya waiwaya ko da wani a bayansa. "Baiwar Allah, ai mu ne karnukan. Ga sunanmu can a allo."

"Saboda ku aka yi dokar ai. Kare ba ya shiga sai da igiya, igiya kuma sai da mai riƙewa."

Ya leƙa ciki. Ga kura kwance tana shan hantsi, ga damisa tana wanka, babu mai ko zare a wuya. Kansa ya ɗaure tamau. Ya nemo igiya biyu ya ce, "To ni in riƙe tata, ita ta riƙe tawa." Gafiya ta ce wannan ya fi ƙarfinta, aka kira kwamiti.

Kwamiti ya zauna a rumfa. Gwaggon biri, shugaba, ya gyara murya ya ce, "'Yan'uwa, babu wanda ya kai mu ƙaunar karnuka, shi ya sa ba za mu yi gaggawa a lamarinsu ba. In kare ya riƙe kare, wanne ne mai riƙewa? In ɗaya ya gudu, wa za mu tuhuma? Wannan fili na kowa ne, musamman su. Wajibi ne mu tsare musu shi daga hannunsu."

Aka yi tafi. Tunau ma ya tafa, bai san dalili ba.

Hankaka magatakarda ya miƙe. "Ranka ya daɗe, doka ta ce mai riƙewa, ba ta ce mai rai ba. Turke yana riƙewa, ba a kuma taɓa jin ya saki ba. A kafa musu turke, a ba su igiya kamu goma." Nan take ya tashi ya auna kamu goma daga bakin ruwa, ya zana alama a yashi.

Sai kuma gardama ta kaure a kan icen da za a sassaƙa turken, kirya ko gawo. Aka tashi cin abinci, aka dawo, aka ci gaba.

Hansai ta ce, "Malam, me suka ce?"

"Sun ce suna ƙaunarmu."

"To mu shiga mana."

"Nan ne ni ma ban gane ba."

Sai bayan la'asar aka buga turken, daidai kan alamar Hankaka. Kash! Teku ba ya zuwa taron kwamiti. Da safe a cike yake, yanzu ya janye. Suka yi ta tafiya har igiya ta shaƙe su, ga ruwa can gaba, taku uku kacal. Tunau ya roƙi a matso da turken. Hankaka ya ce sai an sake zama, mako mai zuwa. Shi kuwa Tunau ba shi da mako mai zuwa, ita ma Hansai wa ya san tana da baɗi?

Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Bai gane doka ba, amma ya san tono. Ya duƙufa ya yi ta haƙa da tsofaffin faratansa har suka yi jini, har ruwa ya tsattsafo ya cika ɗan ramin. Ya ce, "Tsoma ƙafarki, Hansai. Mun iso."

Ta tsoma, ta lasa. Can ta ce, "Gishirin nan ne, wallahi shi ne. Amma Malam, kamar a da ya fi haka girma."

Tunau ya kau da kai, ko da yake ba ganin hawayensa za ta yi ba. Ya ce, "Komai a da ya fi haka girma."

Gafiya ta kai rahoton cewa an yi tono ba da izini ba. Majalisa ta zauna, ta ce ta ji koken karnuka, ya kuma taɓa mata zuciya. Ta ƙara wa igiya kamu ɗaya, ta matsar da turke baya kamu biyu, aka sake fentin allo.