Masarar da Muka Tuƙa Tuwo da Ita

Wahalar da na sha a gonar gwajin nan, ko na so in manta ƙafafuna ba za su bari ba. Daga Tudun Wada nake takawa a ƙasa, kullum, in je in yi wa masara bauta kamar jaririya. Zamanin Turawa ne, ana ta maganar mulkin kai, ni kuwa maganar hatsin gidana nake yi.

Aikina shi ne in sa wa kowane goyon masara hular takarda tun bai fitar da gemu ba, don kada bununin wata masarar ya faɗo masa. In lokaci ya yi, Baturen gonar ya zo da kansa ya barbaɗa wanda yake so, ni in mayar da hula. Bara waccan an kori wani lebura saboda iska ta kwashe hulunan layinsa iri ya cakuɗe. Da idona na ga ya fita yana share hawaye da hannun riga.

To, kaka ta yi, aka ce kowa ya ɓare nasa layin ya zuba a buhu. Na ɓare ta farko na duba. Ƙwayar fara ce, amma duk ta yi rodi-rodi da ja, wata ɗigo-ɗigo, wata zane kamar an yaƙushe ta. Na ɓare ta biyu, haka. Layin gaba ɗaya haka. Na ce shi ke nan, hulunana sun ci amanata.

Sai na yi dabara (ni a ganina dabara ce). Na kwaso masarar na kai gida, na samo fara tas mai kyau a kasuwar Tudun Wada na cika buhun. Matata Habi ta duba ta ce, "Malam, wannan masarar ƙyanda ta yi ne?" Na ce ta surfa ta bar tambaya. Muka ci tuwo da miyar kuka, har maƙwabta aka miƙa wa.

Ranar dubawa aka jera mu a gaban sito. Bature ya zo da wani baƙo tsoho mai tabarau, sai Malam Audu, malamin gona, wanda ke yi mana tafinta. Ko kallon sauran buhunan ba su yi ba, nawa suka nufa. Ni kuwa har ƙirji na turo.

Bature ya zura hannu ya zaro ɗaya. Ya juya ta. Ya zaro wata. Sai ya zazzage buhun a ƙasa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta.

"Yana tambaya, ina mai rodi-rodin?" in ji Malam Audu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai layina bai cakuɗe ba."

Malam Audu ya ce, "Wa ya ce maka cakuɗewa ce? Kai, bawan Allah! Wani abu ne a cikin irin kansa, ba ya zama wuri ɗaya. In ya sauka kan abin da ke ba ƙwaya launi sai ta fito fara, in ya tashi sai jan ya dawo a wurin. Yana bin iri daga uwa zuwa 'ya'ya, yana yaɗuwa. Shekara da shekaru Baturen nan yana bin sawunsa, kuma duk irin da ya rage a layinka aka shuka. Dominta baƙon nan ya hayo teku. Ina take?"

Na dubi ƙasa.

"Mun ci."

"Kun me?"

"Tuwo."

Malam Audu ya daɗe bai juya maganar da Turanci ba. Da ya juya, tsohon ya cire tabarau ya zauna kan buhun wani. Babu wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Wani daga baya ne kawai ya ce, "Da wace miya?" Dariya ta ɓarke, Bature ya daka tsawa, aka ce in ajiye fartanyar gwamnati in tafi.

Na tako har gida ban san na wuce unguwar Kongo ba. Habi ta ji labari ta ce, "Wallahi ko daɗi bai yi ba." Ga yara, ga rani ya kawo kai, ga babu aiki. Abin da na koya dai shi ne, in abu ya lalace a wurin aiki, ka bar shi a lalace har mai shi ya zo ya gani. Wataƙila lalacewar yake nema.

Washegari da sassafe na zaga bayan gida inda aka zubar da totuwar, na tsuguna ina ture kaji, ina tsintar 'yan ƙwayoyin da suka maƙale. Na ƙulle su a bakin riga na kama hanya. Maigadi bai bar ni na shiga ba, sai na ba shi ya miƙa wa Bature.