Gadar Da Hanya Ta Tafi Ta Bari

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan Ofishin Tsara Hanyoyin Birni, ma'abocin taswira da jan biro, wanda in ya ja layi a takarda sai ƙasa ta bi. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an tashi lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da direban da ke kai ka ofis.

Ranka ya daɗe, akwai wani ruɗani da ya daɗe yana damun jama'a, kuma ni ma shekara goma sha tara ina koyar da shi a aji ban sani ba. Mun ɗauka cewa in wuri biyu suna kallon juna, to suna kusa. Nakan ɗiga alli nan, in ɗiga can, in haɗa su da layi, in ce wa yara miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta. Su rubuta, in ba su maki. Sai da ofishinka ya ɗauke babbar hanya daga bayan kasuwa ya ratsa da ita ta tsakiyar unguwarmu, sannan idona ya buɗe. Na gode da wannan gyara. Malami ba ya girman a ƙara masa karatu.

Ni ne malamin aji shida a makarantar firamaren da ke gefen sabuwar hanyar. Ina da ɗalibai hamsin da biyu, talatin da bakwai daga cikinsu a tsallaken hanya suke. Saura mako biyar su zauna jarrabawar fita firamare, wadda ake farawa ƙarfe takwas daidai, kuma da an rufe ƙofa ba a buɗe wa kowa. Wanda ya makara sai baɗi. Wannan ne ya sa na ɗauki biro, amma tun da na ɗauka, ka yi haƙuri in jero abubuwan yadda nake jero wa yara.

Na ɗaya. Daga ƙofar shagon tela, inda yaran tsallake suke haɗuwa da safe, zuwa ƙofar makaranta taku ɗari da arba'in ne. Ni na ƙirga da ƙafata. Yanzu tsakanin ƙofofin biyu akwai layin mota shida, da katangar siminti mai kaiwa ƙirjin babba, da ragar ƙarfe a samanta. Wurin tsallakawa mafi kusa shi ne shataletalen da ke kilomita biyu da rabi. Yaro ya tafi biyu da rabi, ya tsallaka, ya dawo biyu da rabi, ya iso daidai inda yake hangowa tun farko. Awa ɗaya da minti goma ke nan, in bai tsaya kallon komai ba, kuma ban taɓa ganin yaron da ba ya tsayawa kallon komai ba. Ban ƙi ba, abin ya yi mana amfani. Lissafin nisa da lokaci, da a da sai na yi ta maimaitawa, yanzu ɗalibaina da ƙafa suke warware shi. Amma ranka ya daɗe, an tanadi makin ƙafa a jarrabawar?

Na biyu, kuma a nan ne nake so ka gyara zama. An gina mana gadar sama ta masu tafiya a ƙasa. Wallahi gada ce ta gani ta faɗa: matakala arba'in da huɗu, makarin ƙarfe mai shuɗin fenti, har da rumfa saboda rana. Ba mu da abin cewa sai godiya. Illa dai an gina ta a kan tsohuwar hanya, wata uku bayan mota ta daina bin ta.

Na je ofishinka neman bayani, domin ba na son in koya wa yara abin da ban fahimta ba. Wani akawu mai kirki ya ba ni kujera, ya buɗe fayil, ya nuna min cewa an ba da kwangilar gadar tun kafin a yanke shawarar karkatar da hanya, kuma ɗan kwangila ya dasa ta daidai inda aka rubuta, ko taku ɗaya bai kauce ba. Ya rufe fayil ya ce, “Malam, gada tana inda takarda ta ce. Hanya ce ta tashi.” Na daɗe ban ji jimlar da ta tsaru haka ba. Na rubuta ta a allo, muka fitar da aikatau da mai aikatawa. Mun yi ta neman mai laifi a cikinta, ba mu samu ba.

Don kada a ce mun raina kyauta, na kwashi yara muka je yawon buɗe ido. Suka jeru biyu-biyu, suka duba dama, suka duba hagu, suka hau, suka sauka a wancan gefen lafiya lau. Abin da ya wuce ta ƙarƙashinmu a tsawon wannan darasi kaza ce da 'ya'yanta shida. Mai wanki, wanda yanzu a makarin gadar yake shanya, ya roƙe ni in isar da godiyarsa ta musamman. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa samun igiyar shanya mai rumfa ba.

Na uku. Allon da ke cewa akwai makaranta a gaba, a rage gudu, shi ma yana can tare da gadar. Awaki suna bin umarninsa sosai. Direbobin tirela kuwa, da ba wanda ya gaya musu muna nan, sukan wuce ta bayan tagar ajina da ƙarfinsu. Na koyi yin magana a tsakanin tirela da tirela. Jimlolina sun gajarce, shugaban makaranta har ya yaba.

Na huɗu. Mai facin da ya shekara ashirin a bakin tsohuwar hanya yanzu ƙwallon yara kaɗai yake ba wa iska. Mai kantin magani yana wannan gefen, yawancin tsofaffin da ke shan maganinsa suna wancan. Ungozomar unguwa ta ce daga yanzu duk mai naƙuda ta sanar da ita tun ana saura kwana biyu. Surukata ma a tsallake take. Da kullum sai ta leƙo ta ga yadda nake riƙon 'yarta, yanzu sai dai mu ɗaga wa juna hannu ta cikin raga. Na so in yi maka doguwar godiya a kan wannan, to amma maiɗakina ce ke duba min rubutu kafin in aika. Saboda haka ina sanar da kai cewa muna kewarta ƙwarai.

Na biyar, wanda ba na iya yi masa dariya yadda nake yi wa sauran. Yara ba sa son zagaye. Mu ma da muke yara ba mu so ba. Manyan cikinsu sun gano inda ragar ta ɗan ɗage, sun fara haura katangar suna ratsa motoci da gudu, jaka a ka. Na hana, na tsawata, na kira iyaye. Tela ya ajiye kekensa yana tsare wurin da safe, da tsinin almakashi yake nuna musu hanyar shataletale. Jiya ya ce min, “Malam, ni fa ido biyu gare ni, su kuma talatin da bakwai ne.” Yanzu ana jin maganarmu saboda makara bulala ce kawai ko shara. Ranar jarrabawa fa, in yaro ya ji ƙararrawa daga tsallake, ya san shekara guda ce za ta kuɓuce masa? Kana ganin zai tuna da tela, ko da ni?

Ba na roƙon a mayar da hanya inda take. Hanya ta yi kyau, baƙa wuluk, mai mota yana ratsa unguwarmu cikin minti ɗaya ba tare da ya san ya ratsa kowa ba. Ba na kuma roƙon a tumɓuke gada, kada mai wanki ya daina gaishe ni. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a buɗe ƙofa a katangar nan daidai makaranta, a zana farin layin tsallakawa, a sa fitilar tsayar da motoci ko ma'aikaci mai tuta, kafin mako biyar su cika. In takarda ce matsalar, ina da takardu da yawa, kuma rubutuna yana karantuwa.

Na san mai girma irinka ba ya aiki da jita-jita, kuma haka nake koya wa yara: kada ku yarda don an faɗa, ku gwada. Don haka ina gayyatarka ranar Talata mai zuwa. Ka sa direba ya sauke ka a ƙofar shagon tela ƙarfe bakwai da rabi, ka sallame shi. Za ka hango ni a ƙofar makaranta ina ɗaga maka hannu, don kada ka ɓata. Ka zaɓi duk hanyar da ka ga ta dace da ɗan shekara goma sha ɗaya, ka biyo ta. Ina ba da shawarar takalmi maras tsini da gorar ruwa. Zan riƙe agogo. Duk lokacin da ka iso, shi zan rubuta wa masu shirya jarrabawa, da sa hannunka a ƙasa, cewa shi ne ƙarfe takwas na unguwarmu.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya sa duk layin da za ka ja nan gaba ya bi ta inda ka taɓa takawa.

Naka mai biyayya, mai jiranka a wannan gefen,

Malamin aji shida